Tarbiyya A Makarantun Sakandare: An Canja Sunan Darasi, Ina Hali Ya Kwana?

Masu karatu za su tuna a cikin shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar sabon tsarin karatu na makarantun firamare da na sakandare. A cikin abubuwan da gyaran ya shafa har da darasin nan da a ke koya wa yara haƙƙinsu a kan ƙasa da haƙƙin ƙasa a kansu. A manyan azuzuwan sakandare an gama shi da tarihin Nijeriya da ilmin zaman jama'a, aka mai da su fanni guda da sabon suna. Tarihi kuwa aka ce ya zama tilas tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Tun daga lokacin nan, duk makarantar da muka sauka cikin rangadi, abin da malamai su kan tare mu da shi shi ne, wane littafi za a saya, wa kuma zai ɗauki darasin. Tambaya ce mai kyau. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi, ba mu cika jin an yi ta ba, watau ko yaron da ya yi shekara shida a hannunmu yana fita da halin da za a iya danƙa masa mabuɗin ma'aji a yi barci.

Ba wannan ne karo na fari da aka taɓa darasin nan ba. A 2007 aka amince da tsarin karatu na shekara tara, aka fara aiki da shi a 2008. A cikinsa ne darasin zama ɗan ƙasa ya sami gurbin kansa, a cikinsa ne kuma tarihi ya rasa nasa, aka narkar da shi cikin ilmin zaman jama'a. A 2011 aka mai da darasin tilas a babbar sakandare, a 2014 yara suka fara rubuta shi a jarrabawar WAEC. A wannan tsakani kuma, a ƙananan azuzuwa, aka ɗaure shi a dami ɗaya da darasin addinin Musulunci da na Kirista da na tsaro, shugabannin addini suka yi ta ƙorafi, har a 2017 aka ce a kwance damin. A waje da makaranta ma haka abin ya ke. An kafa aikin yi wa ƙasa hidima a 1973. An shigo da alkawarin biyayya ga ƙasa, wanda yara ke karantawa a taron safe, a 1976. Gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta Janar Babangida ta kawo MAMSER a 1987, aka biyo da Hukumar Wayar da Kan Jama'a a 1993. Taken ƙasa kansa an sake shi a 1978, aka komo da na farko a 2024. Saboda haka ba wanda zai ce hukuma ta manta da zancen tarbiyya. Sai dai wanda ya lura zai ga ko da yaushe hannu yana zuwa ne wurin abin da ya fi sauƙin canjawa, watau suna da takarda.

Bari mu ba da labarin abin da muka gani da idonmu. A wata makarantar jeka-ka-dawo, wadda ba za mu ambaci sunanta ba domin ba ita kaɗai ce haka ba, mun shiga aji biyar muka tarar malami ya rubuta a allo ɗabi'un ƙasa guda bakwai da ke cikin sashe na 23 na Tsarin Mulkin 1999, watau ɗa'a, da riƙon gaskiya, da girmama aikin hannu, da adalci a tsakanin jama'a, da haƙuri da addinin juna, da dogara da kai, da kishin ƙasa. Yaran suka kawo su da Turanci a jere, murya ɗaya, ba tuntuɓe. Muka yaba. Sa'an nan muka ce wani ya tashi ya gaya mana da Hausa abin da na biyun ke nufi, ya ba mu misali daga unguwarsu. Aji ya yi tsit. Can wani yaro daga baya ya ɗaga hannu, ya ce yana jin sunan wata hukuma ce a Abuja. Ba mu ga laifinsa ba, ba mu kuwa ga na malamin sosai ba, gama an ba shi yara sun fi tamanin da minti arba'in, an kuma gaya masa abin da za a tambaya a jarrabawa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da mun tambayi yaron nan mene ne cin amana, da ya ba mu misali goma kafin mu zauna. Abin yana cikinsa, darasin ne bai sami hanyar zuwa wurinsa ba.

Bahaushe ba ya jiran a kawo masa sunayen halin kirki daga waje. Wani Bature da ya yi aikin mulki a Arewa, daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar Okisfod, watau Kirk-Greene, ya yi lacca a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya kuwa tattara kalmomin ne daga bakin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Ko wace ɗaya daga cikinsu yaro ya ji ta a bakin kakarsa tun bai shiga makaranta ba. Malamin da ya fara daga nan, ya ce wa yara kujerar ajin nan amana ce, kuɗin haraji amana ne, ƙuri'a amana ce, ya riga ya yi rabin aikinsa, Turancin jarrabawa sai ya biyo baya.

Amma babban ciwon yana wurin jarrabawar kanta. Tun da aka mai da darasin abin ci ko faɗuwa, ya shiga layin sauran darussa, duk abin da ke samun lissafi a ɗakin jarrabawa shi ma yana samunsa. Ba asiri ba ne akwai wuraren da iyaye ke biyan kuɗi domin a rubuta wa 'ya'yansu amsa a allo, mai sa ido ya juya baya, an riga an ba shi na goro. To, a duba wannan al'amari: yaro yana kwafar amsar tambayar da ta ce ya kawo illolin cin hanci, amsar kuwa da cin hanci aka sayo ta, malaminsa ne ya rubuta, ubansa ne ya biya. Wane darasi ne zai zauna masa, na takarda ko na ɗakin? Satar jarrabawa ba yau ta fara ba. A 1977 takardun WAEC sun fita kafin ranarsu har Gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Dokar soja ta 1984 ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi, aka sake wata doka a 1999. Tsananin doka bai kashe abin ba, domin waɗanda ya kamata su kai ƙara su ne ke cin moriyarsa. In an ce ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma'aikatan ilmi muna cikin masu warin, gama mun daɗe muna auna Hedimasta da yawan yaran da suka ci, ba mu tambayar yadda suka ci.

Idan zance ya kawo nan, dattawa su kan ce a dā ba haka a ke ba, su kawo misalin Kwalejin Katsina. Ya kamata mu tsaya a kan wannan kaɗan, domin akwai abin koyo, akwai kuma abin da a kan manta. An buɗe kwalejin a 1922, zamanin Gwamna Clifford, domin horar da malamai. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa. Daga cikinta Sir Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama Hedimasta, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru, Alhaji Shehu Shagari ya koyar a Sakkwato da Argungu. Tsofaffin malaman da suka horar da mu a kwalejin horon malamai, waɗanda suka taso a irin makarantun nan na kwana, ba mu taɓa jin ɗayansu ya ce wani darasi na minti arba'in ne ya gyara shi ba. Abin da su kan ambata shi ne ƙararrawar asuba, da sharar ɗaki, da duba tsabta ran Asabar, da gonar makaranta, da wasa da la'asar inda a ke koyon a ci ka ka miƙa hannu. Su kan ambaci shugaban ɗaki, yaro ɗan'uwansu, wanda in sabulu ya ɓace shi za a tambaya. Fiye da kome su kan ambaci malamin da gidansa ke cikin makaranta, ya san sunan kowa da sunan garinsa, yara kuma suna ganin yadda ya ke zaune da iyalinsa da yadda ya ke biyan bashi.

Irin wannan horo ya ba da 'ya'ya. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta, ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a binciki yadda En'e ke mulki a gyara shi, a lokacin da faɗin haka ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Wannan shi ne zama ɗan ƙasa a aikace. Har wa yau a 1951 aka buɗe wurin horo na Man O' War a gaɓar teku kusa da Biktoriya, a ƙasar Kamaru, inda a ke kai samari akawuna da malamai su hau dutse, su tuƙa kwalekwale, su yi wa ƙauye aikin gayya, domin a gane wanda zai iya ɗaukar nauyin wani. Daga baya aikin ya dawo ƙasar Filato.

Abin da a kan manta kuwa shi ne, makarantun nan na 'yan kaɗan ne. Yara 'yan gomomi a ke ɗauka daga dukan Arewa, da yawansu 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e, 'ya'ya mata kuwa sai dai a ce ba su. Akwai bulala, akwai zaluncin manya a kan ƙanana, wanda waɗansu har suka tsufa ba su manta ba. Kuma kada mu ruɗi kanmu, mutanen da suka kai ƙasar nan ga rikicin 1966 da yaƙin basasa, da waɗanda suka wawure dukiyar mai a bayansa, ba daga makarantun yau suka fito ba. Saboda haka ba mu ce a koma jiya ba, ko an so ma ba ta komuwa. Tun da aka buɗe ƙofa da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, aka ƙara buɗe ta da shirin da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ɗan talaka da 'yar talaka sun shigo, wannan kuwa alheri ne wanda ba mai hankalin da zai yi baƙin ciki da shi. Sai dai an ƙara yara ba a ƙara malamai da ɗakuna daidai da su ba, aka kuma rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, inda a ke koya wa malami zama da yara kafin a koya masa fanni.

Sa'an nan ga masifar da ta auka wa makarantun kwana. Bayan Cibok a 2014 da Dapci a 2018, aka kwashe yara fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Jihohi da dama suka rufe makarantun kwana na karkara, waɗansu aka mai da su na jeka-ka-dawo. Ba mai zargin uban da ya ce ɗansa ya kwana a gabansa. Amma sai mu san abin da aka rasa: wurin da ɗan Zuru da ɗan Gumel za su ci tuwo a kwano ɗaya. Don wannan ne aka kafa kwalejojin Gwamnatin Tarayya a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966. Haƙuri da addinin juna, wanda ke rubuce a allon da muka ambata, a ɗakin kwana a ke koyonsa, ranar da aka ga wanda ba ya salla ya tashe ka sahur. Yaron da ya tashi bai taɓa zama da kowa ba sai 'yan unguwarsu, duk abin da wayar hannu ta gaya masa a kan sauran mutane sai ya gaskata.

To, mene ne abin yi a makarantar da yara ke zuwa da safe su tashi da azahar, ba kuɗi, ba isassun malamai? A ganinmu amsar ita ce a ba yara amana ta gaske, ƙarama, wadda za a iya ci a kuma iya riƙewa, sa'an nan a bi sawu. Mun ga makarantar da Hedimasta ya bar yara su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'a, aka yi rajista, 'yan takara suka yi jawabi, aka ƙidaya a gaban kowa a filin taro. Yaron da malamai ke so ya faɗi, Hedimasta ya haɗiye, ya rantsar da wanda ya ci. Mun tabbata yaran nan sun koyi abin da ya fi babi uku na littafi, kuma da ya soke zaɓen da sun koyi wani abu dabam wanda ba zai kankaru ba. Haka kuma kuɗin aji, na tsintsiya da alli: a naɗa ma'aji a cikin yara, ya riƙe littafi, ran Jumma'a ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa yana da ikon tambaya. Yaron da ya saba tambayar ina naira ɗari biyu ta shiga, in ya girma ba zai ji nauyin tambayar kansila ina kuɗin rijiya ya shiga ba. Wannan ba ya bukatar ko kwabo daga Ma'aikata.

Malamin darasin kuma ya fitar da yara daga aji. Sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta da nisa, kotun majistare da ta shari'a a buɗe su ke ga kowa, asibitin gari yana bukatar masu share harabarsa. Yaro ya ga alƙali yana sauraron talaka da mai kuɗi, ya dawo a tattauna abin da ya gani, har da abin da bai yi daidai ba. A nan sai malami ya yi ƙarfin hali, domin yara za su yi tambayar da ba ta cikin littafi, su ce don me littafi ya ce kaza alhali kuwa sun ga kaza. Malamin da ya daka musu tsawa ya rufe darasin ke nan har abada. Gara ya ce musu gaskiya ne, abin da suka gani karkatacce ne, ga kuma hanyar da doka ta tanada ta miƙe shi.

Akwai kuma takardar shaidar hali da Hedimasta ke bai wa yaro in ya gama. A dā takarda ce mai nauyi, da ita a ke ɗaukar mutum aiki. Yanzu a wurare da yawa an buga ta tun da wuri, kowa halinsa kyakkyawa ne, suna kaɗai a ke cikawa, har wanda aka kama da wuƙa. In takardar da ke shaidar gaskiyar yaro ita kanta ƙarya ce, me ya rage? Muna roƙon shugabannin makarantu su mai da ita abin da a ke samu da gumi, su rubuta aikin da yaro ya riƙe da yadda ya riƙe shi. Mun san iyaye za su zo da fushi, waɗansu da takardar wani babba a hannu. Aikinmu ne mu da ke ofis mu tsaya a bayan Hedimastan da ya ƙi, maimakon mu yi masa canjin wurin aiki domin a huta.

Ba mu manta da halin da malami ke ciki ba. Mutumin da albashinsa ya yi wata biyu bai zo ba, mai gidan haya yana tsaye a ƙofa, aka ce ya shiga aji ya yi wa yara bayanin girman aikin gwamnati, an ɗora masa kaya mai nauyi. Wanda ya riƙe albashin malami ya sani yana cikin masu rubuta darasin nan, ko da bai taɓa riƙe alli ba.

Wannan ya kawo mu ga 'yan'uwanmu akawuna da sauran ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan ofisoshin En'e na dā, waɗanda watakila za su ce zancen na malamai ne. Ku tuna, yawancin yaran nan ranar da su kan fara haɗuwa da Gwamnati ido da ido ita ce ranar da suka zo teburinku neman takardar shaidar asali domin shiga babbar makaranta. Yaro ya zo tun da safe da hotonsa a hannu, a ce masa mai sa hannu bai zo ba, ya dawo gobe, gobe a ce jibi, har wani masinja ya ja shi gefe ya gaya masa abin da a ke yi. A rana ɗaya an rushe abin da malami ya yi shekara shida yana ginawa. In kuwa ya tarar da akawu a kan kujerarsa da ƙarfe takwas, ya karɓi kuɗin da doka ta ce, ya ba shi rasit, ya sallame shi da fara'a, to, ya ga Nijeriyar da littafi ya faɗa masa, ya kuwa yarda akwai ta.

Game da sabon tsarin na 2025, muna ganin komo da tarihi abu ne mai kyau, gama yaron da bai san yadda aka yi aka haɗa ƙasar nan a 1914 ba, bai san abin da ya jawo yaƙin 1967 zuwa 1970 ba, da wuya ya gane abin da a ke roƙonsa ya kiyaye. Abin da mu ke tsoro shi ne a gama fanni uku a hannun malami ɗaya wanda ba a horar da shi a ko ɗaya ba, a ce da shi ya gama littafi kafin jarrabawa. Shekarun da aka yi ba a koyar da tarihi a ƙananan azuzuwa sun rage masu karanta shi a kwaleji, malamansa ba su da yawa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ya kamata jihohi su fara da kwas na hutu ga malaman da ke hannu, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta san irin wannan aiki.

Mu kuma a namu ɓangare mun yi niyyar sake yadda mu ke duba makarantu. A rangadi mai zuwa, bayan rajista da littafin shirin darasi, za mu nemi a nuna mana littafin kuɗin aji da sunan yaron da ke riƙe da shi, mu tambayi yadda aka sami shugaban ɗalibai, mu karanta takardun shaidar hali goma mu ga ko sun bambanta da juna. Makarantar da sakamakonta ya yi tsalle daga ƙasa zuwa sama a shekara guda, za mu zauna da yaranta mu ba su tambayoyin bara su amsa a gabanmu kafin mu rubuta wa Hedimasta takardar yabo.